Ɓerayen Bana

Ni ke riƙe da kaye.
Ba don na fi kowa karatu ba:
aji huɗu na yi a lakwal, baba ya ce gona ta fi,
sai dai bik ɗin nawa ne.

Mu bakwai ne a Garin Arzika,
babu mai albashi, babu riga mai tambari.
Da kaka muke bi gida-gida,
nan dami guda, can tiya biyu ta wake,
Hankurau mai shayi jikka ɗaya duk Juma'a,
'yan ci-rani daga Agadas su turo abin da ya samu.
Mu zuba a ɗakin da Nomau ya ba mu aro
tun da jakinsa ya mutu, amalanke ya zama wurin kwanan kaji.
Kwaɗo biyu, makulli a aljihu biyu.

Sai damina ta raba tsakiya.
Gero ya kai ƙugu, kore shar, yana yi wa ciki gwalo,
rumbu ya koma ganga, ka buga ya amsa,
tafasa ta hau kujerar tuwo.
A lokacin hayaƙi ne ɗan aikenmu.
Gidan da magariba ta yi bai tashi ba,
Barira ta gani daga bakin rijiya,
ta zungure ni, in rubuta.

Gwamma ce mai awo.
A kasuwar Tibiri akan tauye tozon tiya da yatsa,
ita sai ta tare shi da damtse,
ta ƙara jimƙi guda, ta ce na tsuntsaye ne.
Na ce, Gwamma, lissafi ba ya fita.
Ta ce, to kai ka fitar da shi,
ni ban taɓa ganin yaron da ya sha lissafi ya yi gyatsa ba.

Akwai waɗanda ba sa zuwa da rana.
Malam Korau, da ya taɓa sauke mana dami biyar
bai ko tsaya an ce madalla ba,
bara gulbi ya kwashe masa gona har da iri.
Bai zo ba. Ba zai zo ba.
Bayan isha'i Nomau kan ɗora a ka,
ya jingine a bakin zaure, ya yi tari, ya wuce.
A kaye ban sa sunansa ba,
na sa: ɓera.
Bana ɓera ya ci mana tiya goma sha biyu,
babu wanda ya ce a nemo kyanwa.

Talatar da ta wuce
mai ɗakina ta kakkaɓe ƙwarya, ta nuna mini gindinta.
Na ce, ko kara ne ki ƙona,
hayaƙi ya tashi, kada Barira ta gani.
Ya tashi kuwa, fari, siriri,
mara nauyi kamar gaisuwar mai bin bashi.
Na manta shekararta talatin tana karanta sama.
Hayaƙin kara daban, na tukunya daban.

Dare ya raba, ina kwance ido biyu,
na ji sawu, na ji an aje abu,
na ji tarin da na sani.
Ban tashi ba.
Na ja zane na rufe fuska kamar ana kallona.

Da safe na buɗe kaye a kan gwiwa,
bik ya tsaya, ni ma na tsaya.
Gwamma ba ta ɗago kai daga buhu ba,
ta ce, ɓerayen bana ba su da kunya, rubuta mu tafi.

Na rubuta.
Saura buhu huɗu da rabi.
Gida ashirin da uku, ban da ɓeraye.
Nomau ya murza kan gero jiya, ya ce tumu sai nan da kwana ashirin,
in ruwa bai ɗauke ba.